Minti Na Hamsin Da Biyu

Ƙarfe uku saura kwata na ranar Juma'a aka buga wa Sufeto Abdurrashid waya, yana tsakiyar cin aceke, dambun rogo, da soyayyen kifi a bayan ofis. Ya wanke hannu, ya ɗauki ɗan sanda guda, suka nufi layin masu kayan lantarki da ke bayan kasuwar Guro a Adjamé.

Mai ƙarar saurayi ne, sunansa Faruk Nomau, mai ɗaukar hoton bidiyo a bukukuwa. Yana zaune a bakin shagonsa, ya dafe kai da hannu biyu.

"Me aka ɗauka?" Sufeto ya tambaya.

"Shef, shekara uku aka ɗauka."

Sai da ya sha ruwa sannan ya iya bayani. Fim ya shirya, na farko a rayuwarsa, labarin yadda mahaifinsu, marigayi Alhaji Nomau, ya taso daga Nijar da buhun albasa ɗaya ya kafu a Abidjan. Tsohon da kansa ya fito a ciki kafin ya rasu bara. Gobe da la'asar za a nuna shi a zauren ƙungiyar 'yan kasuwa a Treichville, har da wani baƙo daga gidan talabijin.

Sufeto ya shiga ciki. Faifai biyu na Bulure, irin masu fitar da hoto garau, suna ƙasa an kakkarce su da ƙusa. Kwamfuta kuwa an buɗe ta an tuttula mata ruwan buta.

"Babu wani kwafi?"

"Akwai ɗaya. Na juye faifan a kile, saboda telen zauren ba ta da na'urar faifai. A aljihun tebur na bar ta na tafi masallaci. Ita ma babu."

Kile ita ce 'yar filashar da ake soka wa talabijin. Sufeto ya duba kantar shagon. Faya-fayan bikin mutane sun fi ɗari, ko ɗaya ba a taɓa ba. Kyamara mai tsada tana rataye a inda take. Ya juya ya ɗaga kwaɗon ƙofa. Babu ko ƙwarzane.

"Wa ke da makulli?"

"Ni, sai ƙanwata Sakinatu."

"Wa ke jin haushin fim ɗin nan?"

Faruk ya nuna shagon da ke manne da nasa. "Rabilu. Sau uku yana roƙona kwafi ina hana shi."

Rabilu Bakano ne, sana'arsa tura wa mutane fina-finai a waya da filasha. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa.

"Wallahi ranka ya daɗe ina masallaci. Sahun waje ma na samu."

Sufeto ya kalli ƙafarsa. "An yi ruwa ana tsakiyar huɗuba. Duk wanda ya yi salla a waje gindin rigarsa a jiƙe yake. Kai ko takalminka bai ga laima ba."

Rabilu ya sosa ƙeya. "To, gaskiya ban je ba. Aiki ya yi mini yawa, na kulle kaina a ciki. Don Allah kar 'yan layi su ji."

"Me ka ji?"

"Na ji an buɗe shagon da makulli, tsaf, ba a ɓata lokaci ba. Na ɗauka Faruk ne ya yi mantuwa."

"Da kilen ta zo hannunka, me za ka yi da ita?"

"Babu abin da za ta yi mini. Juyin Bulure ne fa, ya fi giga talatin. Telena ko buɗe shi ba za ta yi ba, sai ta ce ba ta san fayil ɗin ba. Sai sababbin nan manya. Su kam har inda ka tsaya suke riƙewa. Ka zare kile, ka dawo bayan mako, su tambaye ka ko a ci gaba."

Sufeto ya rubuta wannan a ɗan littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashi.

Da safiyar Asabar, ƙarfe takwas bai cika ba, aka ce wata mata na son ganinsa. Sakinatu ce. Ta ajiye baƙar kile a kan tebur.

"A cikin jakata na gan ta. Ina jin ni na ɗauka da mantuwa. A rufe maganar haka nan, Shef."

"Kwamfutar ma da mantuwa kika zuba mata ruwa?"

Ta sunkuyar da kai.

"A ina kike zaune?"

"Saint-Michel, nan Adjamé."

"Daga gida kike?"

"Daga gida."

Sufeto ya nuna ledar da ta rataya a hannu. Burodi ne a ciki, jikin ledar an buga sunan wani gidan burodi da ke kusa da tashar Bassam, can Treichville, bayan gada.

"Har yanzu da ɗuminsa. Wa kike da shi a Treichville da za ki je masa da sassafe?"

Ta matse ledar a ƙirjinta. "Yaya Yazid. Amma ba ya nan, tun Alhamis ya tafi garin Bassam."

"Kin je gaida wanda ba ya nan ke nan. Yana da makullin shagon Faruk?"

Hawaye suka cika mata ido. "Shagon nasa ne da. Shi ya buɗe shi, shi ya koya wa Yaya Faruk riƙe kyamara. Da Baba ya fara ciwo, sai ya ce babba ya bar wasan hoto ya zo ya riƙe shagon tele. Amma ai ya ce makullin ya daɗe da ɓata."

Sufeto ya sa kilen a aljihu. Ya ce ta kira Faruk, su same shi a Treichville ƙarfe sha ɗaya.

Shagon Yazid yana kallon tashar Bassam, inda 'yan kamasho ke ta ihun neman fasinja. Talabijin ne jere tun daga ƙasa har rufi. Mai shagon dogo ne, zai kai shekara arba'in, idanunsa jajaye.

"An ce kana Bassam," in ji Sufeto.

"Da asuba na dawo."

"Mai shayin ƙofarka ya ce jiya da la'asar ya kawo maka shayi har sau biyu."

"Ya rikice ne. Tsoho ne."

"To. Ka ji abin da ya sami ƙanenka?"

"Na ji. Allah ya kyauta."

"Ka taɓa kallon fim ɗin?"

Yazid ya yi wata 'yar dariya. "Ni? Ko daƙiƙa ɗaya. Ya gayyace ni na ce ba ni da lokaci. Ina da iyali, ina da shago, ba ni da sararin wasan yara."

"Madalla. Taimako nake nema. An tsinci kilen, ina so in tabbatar ba ta lalace ba, telen ofishinmu kuwa ta ƙi buɗe ta. Wace ce a nan za ta iya?"

Yazid ya nuna wata da ke cikin kwali. "Bari in buɗe maka sabuwa."

"Kar ka wahalar da kanka. Ga wannan a jone."

Sufeto ya wuce bayan kanta, inda wata babbar tele ke rataye tana fuskantar kujerar mai shago. Ya laluba bayanta ya soka kilen, ya ɗauki rimot, ya danna sunan fim ɗin.

Fim bai fara ba. Sai rubutu ya fito a tsakiyar gilashi: "Reprendre à 52:10 ?"

"Ka fi ni Faransanci," in ji Sufeto. "Tambaya take, a ci gaba daga minti na hamsin da biyu? Telen da ba ta taɓa ganin fim ba, ina ta san inda aka tsaya?"

Yazid ya ƙura wa rubutun ido. Sufeto ya danna.

Fuskar Alhaji Nomau ta cika gilashin, garau, har ana iya ƙirga furfurar gemunsa. Yana zaune a kan tabarma yana dariya, yana nuna mai ɗaukar hoton da yatsa. "Wannan yaron," in ji tsohon, "shi ne zai sa a san sunana bayan na tafi."

"Kashe," Yazid ya ce a hankali. Sannan ya daka tsawa, "Kashe mana!"

Sufeto ya tsayar da hoton. Yazid ya zube a kan kujera.

"Shekara tara ina riƙe da shagon nan. Ni na kwana da shi a asibiti, ni na yi masa wanka. Bai taɓa faɗa mini irin wannan ba, ko sau ɗaya. Labarin buhun albasan nan ni ya fara ba wa, ni na fara rubuta shi a littafi tun Faruk yana firamare. Aka ce in ajiye kyamara, na ajiye. Yanzu duk wanda ya shigo sayen rimot sai ya ce, kai ne wan Faruk mai fim?"

"Sai ka ɗauki tsohon makullinka."

"Na je ne in ɗauko littafina kawai. Da na ga faya-fayan a kan tebur, an buga hotonsa da Baba a jiki, ban san lokacin da na ɗauki ƙusa ba. Kilen na taho da ita in jefa a ruwan lagun daga kan gada. Na ce bari in ga Baba sau ɗaya tukuna. Da na zo nan wurin, na kasa ci gaba, na kasa jefarwa. Na kira Sakinatu na ba ta."

Sufeto ya zare kilen, ya yi wa ɗan sandan da ke tare da shi alama. Bai sa a ɗaura ankwa ba.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Faruk da Sakinatu. Daga yadda Faruk ya tsaya, ya ji komai. Sufeto ya miƙa masa kilen.

"Shef, na janye ƙarata."

"Ka zo ofis ka faɗa a rubuce. Yanzu dai sai ya bi ni ya ba da jawabi."

Faruk ya sha gaban wansa. "Yaya, ka kalla har ƙarshe?"

Yazid ya kau da kai.

"Da ka bari ya ƙare. Kafin sunan kowa ya fito, na rubuta: Labari, Yazid Nomau. Shi ya sa na yi ta roƙonka ka zo yau. So nake ka gani a gaban mutane."

Yazid ya bi ta gefensa. Ya ratsa 'yan kallon da suka fara taruwa, ya shiga bayan mota da kansa.

Sun hau gada, Treichville na bayansu, sannan Yazid ya yi magana.

"Shef, gaskiya ya faɗa?"

"Jiya ya nuna mini takardar gayyatar. Sunanka yana sama da nasa."

Yazid ya kifa goshinsa a bayan kujerar direba. Har suka isa ofis bai ɗago ba.