Aƙiƙin Kogin Setit

A kasuwar Omdurman, layin masu huda tsakiya, kowa da abin da yake faɗa a kan Jibirin.

Wasu su ce duk gabas babu mai irin idonsa wajen tsinto dutsen aƙiƙ, wanda ake yin tsakiyar ado da shi, cikin tsakuwar da ambaliya kan bari a bakin kogin Setit. Wasu su ce idon ne ya sa masa girman kai, shi ya sa Allah ya karɓe ɗaya. Alhaji Jafaru kuwa, mai babban shagon layin, maganarsa ɗaya ce:

"Gaggawa ce ta cinye shi. Ya gasa dutse bai bushe ba."

Duk sanda ya faɗi haka, 'yarsa Lauratu sai ta sunkuyar da kai.

Yau ma da ta kawo masa abincin rana maganar ta tarar ana yi, amma da ƙari.

"Ya dawo fa, Alhaji," in ji maƙwabcin shago. "Na gan shi yana sauka daga lori da sanda. Wai ɗayan idon ma ya soma hazo, asibiti ya zo."

Kwanon ya kuɓuce mata, miya ta malale a ƙasa.

"Ke lafiya?"

"Lafiya, Baba..."

Ba lafiya ba. Shekarun nan duka ba lafiya ba.

A ƙofar wannan shagon ta fara ganinsa, baƙi wuluk saboda rana, da buhu a kafaɗa. Ya ciro wani dutse mai kama da busasshen dabino, ta yi dariya.

"Wannan ka bar gari ka je nema har iyakar Habasha?"

Ya lashi dutsen da harshe, ya miƙo mata. Nan take zane-zane suka bayyana, fari da ruwan zuma, layi bisa layi.

"Dutse ba ya nuna cikinsa sai ya jiƙe, 'yar Alhaji."

Tun ranar zuciyarta ta bi shi kogi.

Da maganar aure ta taso, Alhaji ya ƙi. Mutumin da rabin shekara yana daji yana kwana kan yashi, ina shi ina riƙon mace? Lauratu ta daina cin abinci, har Alhaji ya gaji ya kafa sharaɗi.

"Ka kawo dutse, ka shanya, ka gasa da hannunka a gidana. In ya fito ja bai tsage ba, na ba ka wuri a shago, na ba ka 'ya."

Aikin ba wasa ba ne. Dutsen kogi da ruwa a cikinsa yake zuwa, sai an shanya shi wata da watanni a rana kafin a sa shi tukunya da toka a binne cikin garwashi don ya yi ja. Jibirin ya kawo zaɓaɓɓun da ya sha wuya a kansu, ya baza a rufin ɗakin Alhaji.

"Ki riƙa leƙa mini su, habibti. Aurenmu ne a shanye."

Ta kuwa leƙa. Kullum.

Ana saura kwana kaɗan a gasa, Sittana 'yar kawunta ta hau rufin ta same ta. Ita ma Jibirin take so, ba ta taɓa furtawa ba.

"Haba Lauratu! Duwatsun aurenki ne haka duk ƙura? Ki jiƙa su da ruwa da humra su kwana, ƙamshin amarya ya shige su. Haka ake yi."

Lauratu a cikin gida ta tashi, ba ta san aikin wuta ba. Sittana kuwa tun tana ƙarama take taya mahaifinta shanya, ta san sarai abin da take faɗa.

Lauratu ta zuba turarenta a kwano, ta jiƙa su. Da ta ga sun yi kyau cikin ruwan har kuka ta yi don murna. Ta maimaita washegari, ta sake maimaitawa, tana mayar da su kafin hantsi.

Ranar gashi tana laɓe a bayan ƙyaure. Wuta ta kama, tukunya ta ɗauki zafi, sai aka ji ƙas... ƙas...

Jibirin ya zabura ya tone garwashin da hannu, ya ɗaga murfin don ya ceci abin da ya saura.

Tau!

Har yau tana jin ƙarar. Tana ganinsa durƙushe, jini na bin yatsunsa.

"Ka tabbata sun bushe?" Alhaji ya daka masa tsawa.

Jibirin ya juyo da idon da ya rage masa wajen ƙyauren. Ya daɗe yana kallo.

"Laifina ne, Alhaji. Na yi gaggawa."

Ita kuma ta toshe bakinta da mayafi, ta yi shiru. Ya warke ya koma kogi, tana shiru. Sittana ta ga mai ido ɗaya ba ya mata, ta auri wani ta tare a Khartum. Manema suka yi ta zuwa wa Lauratu tana korarsu, aka ce aljani ne ya aure ta.

Tana tsugune tana kwashe miyar ta ji ƙwanƙwasar sanda.

"Salamu alaikum. Shagon Alhaji Jafaru ne nan?"

Jibirin ne. Ya rame. Furfura ta fito masa tun lokacinta bai yi ba. Ya ajiye ƙaramar jakar duwatsu a kan tebur.

"Na ƙarshe ke nan, Alhaji. Da lalube na tsinto su. Likita ya ce hasken ba zai kai baɗi ba."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Alhaji. "Da ka yi haƙuri a wancan karon, da..."

"Baba, ni ce!"

Duk layin ya juyo gare ta.

"Ni na jiƙa duwatsun. Da ruwa da turare. Sittana ta ce haka ake yi, ni kuma na yi!"

"Lauratu, bari," in ji Jibirin a hankali.

"Ba zan bari ba! Na bari ai, ga inda ya kai mu!"

Alhaji ya dafa tebur. "Kai kuma ka sani?"

"Ina ɗaga murfin ƙamshin humrarta ya buge ni kafin dutsen."

"Ka bar ni ina zaginka a kasuwa shekara da shekaru?"

"Gara ni, Alhaji. Ni ina da kogin da zan gudu. Ita a nan za ta zauna da bakin mutane."

Tsohon ya zame ya zauna. Ya cire hularsa, ya mayar, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Alkawarina yana nan, ɗana," ya ce da ƙyar. "In kana so."

Jibirin ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Me zan ba ta yanzu? Jan makaho?"

"Ni na makantar da shi, ni zan ja shi," in ji Lauratu.

"In don biyan laifi ne, habibti, ki zauna gidanku. Ban zo karɓar diyya ba."

"Don biyan laifi na ƙi mazan Omdurman kaf? Jibirin, dube ni!"

"Inuwarki kawai nake gani."

Hawaye suka ɓalle mata. Jibirin ya jingine sandar a jikin tebur ya miƙo hannu, amma ba daidai inda take ba.

Ita ta matsa ta tari hannun. Ta durƙusa nan cikin ƙurar kasuwa, gaban mahaifinta da duk masu huda tsakiya, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Na cuce ka, Jibirin. Na cuce ka da hannuna, na ƙara da shiruna. Don girman Allah ka yafe mini."