Tsamiyar da Aka Sare Saboda Sola

Ranar da aka sare tsamiyar wata sakandare a Bosso don rana ta samu farantan sola, Malam Meshach, malamin kwamfuta, ya tsaya bayan magariba a sabon ɗakin kwamfuta yana haɗa na'urar da ɗalibai za su riƙa dangwala yatsa a kanta kafin su shiga.

Sai ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, dusar katako a zaninta, tana warin ɗanyen itace.

"Mama, an tashi, sai gobe," in ji Meshach.

"Ɗana, an ce kowa zai shiga sabon ɗakin nan sai an dangwala masa yatsa. Tunda kun rushe nawa, nan zan kwana."

Kafin ya miƙe ta cafke hannunsa. Tafinta da kaushi kamar ɓawon bishiya. Ta danna babban yatsansa a kan gilashin na'urar har ƙashi ya ce ƙas, jini ya malale teburin. Ya kurma ihu, ta gwara kansa da bango.

"Haka zarto ya yi mini tun hantsi."

Da ƙyar ya buɗe ido ya dubi ƙafafunta. Daga gwiwa a yanke suke sumul, ruwan itace yana ɗiga.