Zinariya Ta Biyo Ruwa

Kai Haliru, wa ya aike ka tambayar abin da ya raba ni da rijiya? Ɗan boko sai shegen tambaya. To ku zauna, sau ɗaya zan faɗa.

Garinmu a bakin Binuwai yake. Da aka datse kogin a Lagdo, aka ce ruwa zai cinye gari, kowa ya tashi. Dattawa suka ce a je makabarta a yi sallama, amma kada wanda ya gaya wa mamaci inda za a koma. Ni kuwa 'yata Zinariya na kwance a can, 'yar shekara huɗu. Na durƙusa na raɗa mata, "Duwala za mu, unguwar Nubel."

Shekara tara ta wuce. Lokacin da Duwala ta rikice ne, kasuwa a rufe, taya na ci da wuta a titi, famfo ko ɗigo. Da magariba na ɗauki guga na nufi rijiyar bayan masallaci, uwarku Delu goye a bayana.

Na zura igiya. Sai ƙanshin laka da ɗanyen kifi ya taso. Ba na Duwala ba. Na garinmu.

Igiya ta yi nauyi.

"Inna."

Daga ƙasa, a hankali.

"Inna, na gaji. Na bi ta Garwa, na bi ta Yola, na faɗa Kwara har teku. Na hawo kogin Wuri. Nan ne Nubel?"

Wani ɗan hannu ya biyo igiyar, duk ya yamutse kamar na mai wanki. Ya wuce hannuna. Ya kama zanen goyo.

"Wa kika goya a wurina?"

Delu ta yi sanyi a bayana. Ban jin numfashinta.

Ɗaurin zane ya fara kwancewa.

Na ce, "Yarinya, ba nan ba ne. Ni ba innarki ba ce. Nubel na gaba."



"To. Yi haƙuri, iya."

Hannun ya saki. Ruwa ya rufe. Delu ta tsala kuka.

Kakanku Bakari har ya koma ga Allah bai ji wannan ba. Zinariya kuwa ko musu ba ta yi mini ba, don ban taɓa yi mata ƙarya ba. Tana can dai tana bin ruwa, tana tambaya.

Kai, share hancinka. Ni da na haife ta ma ban yi kuka ba. Ku tashi ku kwanta.