Minti Arba'in a Bokiti

"Ki mayar da shi ruwa, Likitata... babu wanda ya gani."

Ba ta ɗago ta dubi Injiniya ba. Idonta na cikin bokiti, inda wani ɗan kifi da bai kai tsawon yatsa ba yake zagaye, da jan ɗigo a bayan kunnensa.

Shekara shida tana bin tawagar Farfesa rafi-rafi suna ƙirga kifayen da ke 'yan asalin ruwan, har ɗalibai suka laƙaba mata Likitar Kifi. Duk shekarun nan wannan kifin take nema, Mai Jan Ɗigo, wanda rabon da a gan shi tun tana firamare. Sai yau ya ga damar shiga ragarta, saura wata biyu aurenta da Injiniya, kuma a rafin da mahaifinsa zai datse ya gina madatsa. Idan sunan kifin ya shiga rahoto, hukuma na iya tsayar da aikin.

Ya ja ta bayan wani dutse inda sauran tawaga ba za su hango su ba.

"Kin san abin da Abba ya ce. Idan rahotonku ya taɓa aikinsa, kar in ƙara ambatar sunanki a gidansa."

"Na sani."

"Mama kuwa dama neman dalili take. Kullum maganarta ɗaya ce, wai na rasa wadda zan kawo mata sai mai wuni cikin taɓo tana ƙarnin kifi."

"Kai ma da ƙarnin ka gan ni ka ce kana so!"

"Har gobe ina so, rabin raina. Shi ya sa nake roƙonki..."

Ta dube shi, yana tsaye cikin takalman roba da suka yi masa yawa. Mutumin da ko kifin kasuwa ba ya iya riƙewa, shekara biyu ke nan yana bin su duk Asabar yana jan raga saboda ita. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushinsa, duk a lokaci ɗaya.

"Idan aka datse rafin nan, shi ke nan an shafe su daga duniya. Ka gane kuwa?"

"Ni kuma fa? Ni ba za a shafe ni ba?"

Sai suka ji ƙarar kyamara.

'Yar ƙanwar Mamarsa ce a saman dutsen, wadda aka cusa cikin tawagar da sunan mai ɗaukar hoto. Kowa ya san ita Mama take so ya aura, kuma ba don son kifi take shan rana ba.

"Masha Allah, Aunty Likita, hoton ya fito ras, har jan ɗigon!" Ta yi murmushi. "Ki sake shi, in nuna wa Farfesa abin da kika ɓoye. Ki rubuta shi, in kira Abba tun kafin mu hau mota. Ni duk wanda kika zaɓa ya yi mini."

"Ke, sauko ki ba ni kyamarar nan!" Injiniya ya daka mata tsawa.

"Haba Yaya, ai tuni na tura wa wayata."

Nan aka shiga cacar baki. Yana lallashi, yana faɗa, yana rantsuwa. Likita kuwa kuka kawai take yi, ta ajiye bokitin a kan dutse tana share hawaye da bayan hannu.

Dokar Farfesa guda ɗaya ce, kuma Likita ce take koya wa sababbin ɗalibai ita har da harara: kifi ba ya wuce minti goma a bokiti. A ajiye shi a inuwa, a auna, a ɗauki hoto, a sake shi. Yau mai koyar da dokar ce ta bar bokiti a tsakar rana har minti arba'in.

Sai a lokacin ta tuna. Ta zabura ta tsoma hannu. Ruwan ya yi ɗumi.

Kifin ya juya cikinsa sama.

"A'a... a'a, don Allah!"

Ta ruga bakin rafi, ta riƙe shi a tafin hannunta cikin ruwan sanyi tana kaɗawa a hankali. Ko motsi bai yi ba.

Injiniya ya durƙusa kusa da ita, ya sassauta murya.

"Tunda ya mutu, ki bar ruwa ya tafi da shi. Hoton nan zan san yadda zan yi da shi. Komai ya wuce, masoyiya."

Wallahi da ya yi shiru, da ta fi samun sauƙi. Ta miƙe, ta wuce shi, ta kai wa Farfesa kifin a tafin hannunta.

Tsohon ya gyara tabarau, ya ɗan taɓa cikin kifin da ya kumbura.

"Mace ce," ya ce. "Cike take da ƙwai."

Har la'asar suna jan raga daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kwana tara suna dawowa. Ba su sake ganin ko ɗaya ba.

Hukuma ta ce mataccen kifi guda ba hujja ba ce, aka ba da izinin madatsa. Amma Abba bai yafe ba, tunda dai sunan ya shiga rahoto kuma da hannunta ta rubuta. Injiniya ya kira sau uku yana kuka. Daga nan bai sake kira ba. Bayan wata huɗu ta ji labarin aurensa da mai kyamara a bakin wata ɗaliba.

Ranar tana ɗakin bincike ita kaɗai. Ta sauko da kwalbar da aka adana kifin a ciki, jan ɗigon ya riga ya koɗe. Takardar jikin kwalbar an cike ko'ina, rana da tsawo da sunan wadda ta kama, sai layi ɗaya da Farfesa ya bari don kar ya kunyata ta: dalilin mutuwa.

Ta ɗauki biro ta cike da kanta.

"Minti arba'in a bokiti, ina jiran wani ya ce in rubuta shi a rahoto."