Rigunan da Baba Ya Ƙi Sawa

"Haba Dear! Yau ma tsohuwar rigar nan ya zura!" in ji wata tela, ta dire wa mijinta kofin shayi har ya fantsala. "Na zauna na ɗinka wa Baba riguna da hannuna, na goge na jera masa, ko ɗaya bai taɓa sawa ba. In ba ya so na ne ai sai ya fito ya faɗa!"

Mijin, malamin makaranta ne mai sanyin hali, ya ce, "Please, rage murya, yana jin ki."

"Ya ji mana! Ƙarya na yi?"

Tun da surukinta ya tashi daga jinya ya dawo gidansu da zama ake wannan fama. Ita fa ba muguwa ba ce, kowa a cocinsu zai shaide ta. Ita ce gaba-gaba a ziyarar asibiti, ita ke ɗinka wa marayu kaya kyauta. Amma ka san zuciya, in ta yi alheri tana son ta ji an gode. Baba kuwa kullum yana ɗaki cikin wata koɗaɗɗiyar riga mai faɗin wuya, har sujada a coci ya daina zuwa. Ita ta ɗauka raini ne kawai.

Ashe tsohon ya ji. Ya buga wa babbar 'yarsa waya ta zo ta ɗauke shi.

"Yaya za ta zo ran Lahadi," in ji mijin, bai ko dube ta ba. "Ban ce kin yi laifi ba. Amma in mahaifina ya bar gidana da ɓacin rai, ban san da wane ido zan riƙa kallonki ba."

Da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi, don tana son mijin nan kamar ranta. Ta shige shagonta ta kifa kai a kan keken ɗinki ta sha kuka. "Ya Ubangiji, in ni ce na kuskure, ka buɗe mini ido."

Lahadi da safe Yaya ta iso, ta hakimce a falo tana hararar telar. "Sannu da aikin Allah, matar coci! Na waje ake wa hidima, na gida ya zama kaya."

Telar ta nufi ɗakin Baba don ta haɗa masa kayansa. Ƙofar na buɗe kaɗan, sai ta yi turus.

Yana zaune a bakin gado da ɗaya daga cikin rigunanta a cinya, yana kokawa da maɓalli. Yatsunsa na ta karkarwa, ya kama ya suɓuce, ya kama ya suɓuce. Can ya kai rigar baki zai gwada da haƙori, gumi na tsiyaya a goshinsa.

Wayyo! Nan take ta gane. Ita tela ce mai ji da aikinta, ramin maɓalli matsattse take yi don kada riga ta sake. Kuma in ta yi guga sai ta ɓalla maɓallan tun daga ƙasa har wuya kafin ta rataye, don kwala ta tsaya. Duk rigar da ta kai masa, a kulle ta kai ta!

Ta faɗa ɗakin ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe. "Baba, ku gafarce ni! Me ya hana ku faɗa?"

Ya sunkuyar da kai. "'Yata, hannun da ya yi shekaru yana kwance injin mota, yau maɓalli ya gagare shi. Da wane baki zan faɗa? So na yi in sa ko guda ɗaya in fita da ita, kada in tafi kina cewa na raina ki."

Ranar ba ta je sujada ba. Ta ɗauko almakashi ta cire maɓallan kaf, ta hau keke ta sa zif mai ƙaton zobe wanda yatsa zai shiga. Baba ya zura hannu, ya ja zoben da kansa, zuuu, har wuya. Sai ga tsoho yana dariya kamar ƙaramin yaro.

Mijin na tsaye a bakin ƙofa, idanunsa sun kaɗa. "Sorry, Dear," ya ce a hankali, ya kama hannunta. "Ni ɗansa ne, kullum ina gaishe shi, amma ban taɓa kallon hannunsa ba."

Haka abin yake, jama'a. Ƙaunar da Yesu ya koya mana ba sai an je nesa ake nuna ta ba. Sau da yawa mai bukatarta yana ɗakin da ke kusa da naka, kunya ta hana shi magana, yana jiran wanda zai yi haƙuri ya duba da kyau.

Yaya ta leƙo da jaka a hannu, jikinta ya yi sanyi. "Baba, mota fa na jira."

Ya gyara zaman kwalarsa. "Sallami direban, 'yar nan. Ina zan je in bar 'yata?"