Sabulun da Ya Wanke Rumbun Sama

Ɗigo ɗaya kawai hannun ƙarfen ya saki. Ɗigon ya faɗa kan wani harshen roba mai kaushi, harshen ya lanƙwashe ya lashe shi kamar yadda kyanwa ke lasar jikinta, sannan ruwan ya bi siririn bututu ya gangara cikin kwanon gilashin da ke tsakiyar na'urar. Dokta Barira Tanimu ta jawo kujerarta kusa, ta zuba ido.

A cikin gilashin akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, tana haske ja kamar garwashi. Hantar kyanwa ce mai rai, wadda Barira ta raina a ɗakin bincike ba tare da an yanka dabba ko ɗaya ba. Ita ta sa wa na'urar suna Hantar Gilashi. Shekara uku ke nan tana aiki da ita, amma har yau in ta ga wannan abu yana motsi a hankali, yana tace guba shi kaɗai ba tare da jiki ba, sai tsigar jikinta ta tashi.

Hasken ya yi rawa, ya dusashe, ya koma launin toka.

"Sabulu na ɗari huɗu da sha biyu," in ji muryar na'urar. "Ɓawon lemo, kanumfari da tafarnuwa. Hanta ta mutu cikin daƙiƙa arba'in."

Barira ta ɗauki kwalbar ta karanta abin da aka rubuta a jikinta: daga ganye zalla, babu sinadari. Ta ajiye ta a layin waɗanda suka faɗi, layin da ya riga ya cika kanta biyu.

Abin da mutanen Birnin Tudun Rana suka kasa ganewa shi ne, kyanwa ba kare ba ce, ba kuma mutum ba ce. Duk abin da aka shafa mata, a cikinta zai ƙare, domin da harshe take wanka. Hantarta kuwa ba ta iya narkar da man ganyaye masu ƙarfin ƙamshi. Abin da uwa za ta shafa wa jaririnta ya kwana lafiya, shi zai sa kyanwa zubar da miyau, ta kama karkarwa, kafin la'asar ta sandare.

A wani garin da wannan ƙaramar magana ce. A Tudun Rana, a shekarar 2131, maganar abinci ce. Mutum miliyan tara ke zaune a birnin, kuma gero da dawa da masarar da suke ci duk a wuri ɗaya ake tara su: Rumbun Sama, gini mai hawa tamanin wanda gajimare ke rufe kansa da damina. Tun da maganin ɓera ya taɓa gurɓata ruwan sha aka haramta shi, aka bar gadin hatsi a hannun kyanwoyi dubu shida. A bana ƙuma ta shiga cikinsu. Ƙananan 'ya'yansu na mutuwa saboda ƙarancin jini, manya sun rame, ma'aikata kuma na kwasar ƙumar a ƙafar wando su kai wa iyalansu. 'Yan kasuwa suka cika gari da sabulan ganye, kuma kafin a farga sabulan sun kashe kyanwoyi fiye da yadda ƙumar ta kashe.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Nababa ne, shugaban masu kula da kyanwoyin rumbun, tsoho mai shekara saba'in da biyu wanda bayan hannuwansa duk tabon farce ne. Yana rungume da wata kyanwa mai ratsin toka a cikin tawul.

"Sannu da aiki, Likita. An samu?"

"Ba a samu ba tukuna, Baba. Wannan fa?"

"Yanzu na gama yi mata wanka. Ruwa mai ɗumi, sabulu marar ƙamshi, sai mataji mai ƙananan haƙora. Daga wuya nake farawa don kada ƙumar ta gudu cikin kunne. Na cire ɗari da wani abu."

"Guda nawa kake wankewa a yini?"

"In jiki ya yarda, goma sha biyar."

Barira ta dubi kyanwar. Shi ma ya san lissafin: kafin ya kai ta ƙarshe, ta farkon ta sake cika.

Sai da aka shafe wata biyu kafin ranar ta zo. Sabulu na ɗari tara da saba'in da bakwai ba daga kasuwa ya fito ba, Barira ce ta haɗa shi da man kaɗe da ruwan saiwar wata ciyawa da masu binciken birnin suka shuka a gonakin kan bene. Da hantsi ne hannun ƙarfen ya saki ɗigon. Harshen ya lashe. Barira ta ƙirga daƙiƙa arba'in, ta ƙirga minti goma, ta kai sa'a guda. Hasken bai ko girgiza ba. A wani akwati kuwa, inda aka tara ƙuma aka ɗiga musu sabulun, babu mai motsi, har ƙwayayensu sun bushe. Ta sake gwadawa sau ɗari. Ta gwada a fata, ta gwada a ido, ta gwada a ƙoda. Sabulun ba shi da ƙamshi ko kaɗan, kuma yana zama a gashi har mako shida. Barira ta zauna a ƙasa ta yi hamdala, hawaye na bin kumatunta.

Injiniya Jafaru Magaji, daraktan rumbun, bai ɓata lokaci ba. Ya ce a wanke duka a rana ɗaya, don kada ƙuma ta sami inda za ta ɓuya.

A wurin taron da aka kira kan batun, Malam Nababa ya ɗaga hannu. "Yallaɓai, da za a bi hawa-hawa. A wanke na hawa ɗaya, a jira mako guda a ga yadda za su yi."

"Me kake tsoro, Malam? Na'ura ta ce babu cutarwa."

"Ban san sunan abin da nake tsoro ba. Na dai san kyanwa in ta dawo daga wanka, 'yan'uwanta sukan yi mata kallon baƙuwa na ɗan lokaci."

Daraktan ya juya ga Barira. Ta tuna 'ya'yan kyanwa arba'in da aka binne a makon nan kaɗai, ta ce kowane mako da aka jira, wasu arba'in ne. Ta sa hannu a takardar. Abin da tsohon ya samu kawai shi ne izinin ware hawa na sittin da uku, inda masu shayarwa da tsofaffi suke, ya ci gaba da wanke su da hannunsa.

Ranar wankan, Barira ta tsaya a barandar tsakiyar ginin tana kallon sama. Kwanonin wanka dubu suka taso daga ƙasa, kowanne yana shawagi da kansa, suna bin juna kamar tsuntsaye, suna watsuwa a hawa bayan hawa. Kowane kwano yana da hannuwa shida masu taushi da ke riƙe kyanwa ba tare da sun matse ta ba, ruwansa daidai da ɗumin jikinta. Hasken rana ya ratso ta rufin gilashi ya bugi tururin da ke tashi, sai bakan gizo ya tsaya a tsakiyar rumbun tun daga hawa na ɗaya har inda ido ya gaza. Ma'aikata suka ɗaga kai suna kallo. Cikin sa'a tara aka gama. Ba a rasa kyanwa ko ɗaya ba, kuma ba a sake ganin ƙuma ba.

A rana ta uku aka fara faɗa. Kyanwoyin da suka shekara goma suna kwana jiki da jiki suka riƙa yage wa juna kunne. Wasu suka daina ci, suka maƙale a bayan buhuna suna kuka. A rana ta tara masu shara suka ga kashin ɓera a hawa na biyu, abin da yawancinsu ba su taɓa gani ba tun da suka fara aiki. Kafin mako na uku ɓeraye na tahowa da rana tsaka, ta bututun ruwa, ta ramin lif, suna wucewa ta gaban kyanwoyi kamar babu kowa a wurin.

Barira ta sake gwada jinin kyanwoyi ɗari biyu. Lafiyarsu ƙalau. Ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta hau hawa na sittin da uku wurin Malam Nababa. Ta tarar da shiru. Iyaye na kwance suna shayarwa, babu ɓera ko ɗaya.

Tsohon ya miƙa mata wata kyanwa da ya ɗauko daga hawan ƙasa, cikin waɗanda na'ura ta wanke. "Shinshina bayan kunnenta."

Ta shinshina. "Ba na jin komai."

"To, su ma ba sa ji."

Barira ta ajiye kyanwar. Sai ta sauka da gudu zuwa ofishin masu duba yoyon iskar gas, ta ari tabarau ɗinsu, irin wanda ke mayar da wari ya zama launi. Ta gyara shi ya daina neman gas ya koma neman warin dabba, ta dawo tana haki, ta saka.

Ta ɗaga kai ta duba.

Ɗakin da ta sani na siminti da buhuna ya ɓace. Kowane ginshiƙi, daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa, a lulluɓe yake da launuka masu haske, shuɗi kan rawaya, rawaya kan kore, ɗaya bisa ɗaya kamar zaren saƙa. Hanyoyi sun bi ƙasa, sun haɗu, sun rabu, sun zagaye kowane tarin hatsi. A bakin kowace ƙofa da kowane rami akwai kauri na musamman, kamar ganuwa. Wasu launukan sababbi ne, suna ƙyalli. Wasu sun yi duhu sun shige cikin simintin, na kyanwoyin da suka mutu tun kafin a haifi Barira. Tana tsaye wata tsohuwar kyanwa ta zo ta goga kumatunta a jikin ginshiƙi, ta bar layi ɗaya sabo a kan dubban da suka riga shi, ta wuce abinta.

"Baba," in ji ta da ƙyar, "gari ne. Gari guda suka gina a cikin namu, muna takawa kullum ba mu sani ba."

"Ni ban taɓa ganinsa ba," in ji Malam Nababa. "Bari in gani."

Ta saka masa. Tsohon ya juya a hankali, bakinsa na motsi da tasbihi. Ya nuna wani layi mai duhu a ƙasan taga. "Nan wata baƙar kyanwa take kwanciya lokacin da na fara aiki. Ashe tana nan."

Suka sauka hawa ɗaya tare. Ta cikin tabarau ɗin, hawa na sittin da biyu fari ne fat. Sabulun da ke gashin kyanwoyin bai tsaya a kansu ba. Duk inda suka goga jiki don su bar alama, sai ya goge tsohuwar da ke wurin. Da ƙoƙarinsu na gane gida suka share gidan. Ɓeraye kuwa, ashe ba farce ne ya tsare su shekaru da yawa ba, wannan ganuwar ce, wadda ke gaya musu tun daga nesa cewa wurin yana da masu shi.

Kafin sabulun ya bar gashinsu, kashi ɗaya cikin biyar na hatsin birnin ya lalace. A karon farko cikin shekara arba'in aka rage awon gero a Tudun Rana, gidaje da yawa suka koma cin tuwo sau ɗaya a yini. Barira ta tsaya gaban hukumar rumbun ta ce ita ta sa hannu. Ta ce ta tambayi na'urarta ko sabulun zai kashe kyanwa, na'urar ta ba ta amsa ta gaskiya, amma ba ta san akwai wata tambayar ba.

Bayan taron Injiniya Jafaru ya same su a hawa na sha ɗaya. Barira da Malam Nababa na durƙushe, kowanne da tsumma a hannu. Sukan goga tsumman a kumatun kyanwoyin sittin da uku, su sauko su shafa wa na ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, don su sami abin da za su gane juna da shi.

"Dokta, ba za a iya haɗa warin a ɗakin bincike ba? Mu fesa a ko'ina a rana ɗaya."

"Na gwada, Yallaɓai. A ginshiƙi ɗaya kawai na'ura ta ƙirga wari dubu goma sha ɗaya, kowanne na kyanwa daban, kowanne da lokacinsa. Na haɗa abin da ya yi kama da shi. Suka shinshina, suka kauce."

Daraktan ya dubi dogon ɗakin, da buhunan da aka huda, da ginshiƙai ɗari biyu da ke jere har ƙarshen gani.

"To yaushe zai dawo yadda yake?"

Malam Nababa ya matse tsummansa, ya jawo wata kyanwa da ke ɓoye a bayan buhu.

"Ranar da aka buɗe ginin nan mahaifina ya shigo da kyanwoyi guda goma sha biyu a cikin kwando," in ji shi. "Shekara sittin da ɗaya ke nan. Su ba su iya sauri ba, Yallaɓai. Ga tsumma can, in kana da lokaci."

Injiniya Jafaru ya dubi tsumman. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa.