Maganin Duna

Ƙarfe takwas da kwata na safe wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda da farar rigar asibiti a jikinta, ta tsaya gaban kanta, ta ce ita ce ta kashe mahaifinta.

Sufeto yana tsaye a lokacin yana laluben aljihu. Ya san ya fito da maganinsa na hawan jini, abin da bai sani ba shi ne ko ya sha kafin ya fito. Kullum haka suke yi da matarsa: ta ce ka sha, ya ce na sha, ya zo ofis wasiwasi ya kama shi. Ya bar laluben ya ce a shigo da ita.

Nas ce, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, idanunta sun kumbura sun yi jawur. Ta ce jiya da safe mahaifinta, tsohon direban jirgin ƙasa, ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, kansa ya daki siminti. Da aka kai shi asibiti jininsa ya yi ƙasa sosai, kafin rana ta yi tsaka rai ya yi halinsa. Yau sakamakon gwaji ya fito: maganin hawan jini ne ya yi masa yawa a jiki, ninki biyar ko fiye.

"Wa ke ba shi maganin?"

"Ni ce, Yallaɓai. Ni kaɗai."

"Kin tuna kin ba shi fiye da ƙa'ida?"

"Ban tuna ba. Kwana uku na yi ina aiki ba hutu, na dawo ko gabana ba na gani. Ƙila na ba shi, na manta, na sake ba shi." Ta share hawaye. "Baffana ma ya ce kuskure ne, kowa na yi, in zo in faɗi gaskiya in huta."

"Ya taɓa yin jiri irin wannan?"

"Sau biyu a watan nan. Ran uku ga wata da ran sha bakwai. Na tuna saboda daga wurin aiki aka kira ni."

Ta ajiye masa 'yar robar magani mai gida bakwai, kowace rana da gidanta, haɗe da kwalin da ta karɓo daga kantin magani. Sufeto ya duba ranar da aka rubuta a jikin kwalin, ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage, ya sake ƙirgawa. Ko ɗaya ba ta ɓace ba. Ya nuna mata, amma ko kallo ba ta yi ba. Ta riga ta yanke wa kanta hukunci tun a hanya.

Kwamanda ya tare shi a bakin ƙofa.

"Mutum ya kawo kansa ya amsa laifi, kai kuma kana neman wahala? Ƙarfe huɗu nake son fayil a teburina, gobe kotu."

Sufeto ya ce to, amma a ciki. In takardar nan ta isa kotu da sa hannunta, aikinta ya tafi, 'yancinta ya tafi, kuma ta zauna ke nan har tsufa tana ganin hannunta ne ya kashe ubanta. Wannan na ƙarshen shi ya fi damun sa. Ya kira Saje, suka hau mota.

Gidan yana ƙarshen layi, da allon dillalin gidaje a jikin ƙofa: Na Sayarwa, sai lambar waya a ƙasa. Sufeto ya kwafi lambar a bayan hannunsa.

Ƙanin mamacin ne ya buɗe musu, wanda Nas ke kira Baffa, wani siririn dattijo mai furfura. Tun kafin a tambaye shi ya fara kuka, kukan kuma mai sauti ne, irin wanda ake yi don maƙwabta su ji.

"Sannu, Baba. Allah ya jiƙansa. A nan kake zaune?"

"Shekara talatin da ɗaya, ranka ya daɗe, a ɗakin baya. Ni nake haɗa wa Yaya shayinsa kowace safiya."

"Maganinsa fa?"

"Ni? Ko sunansa ban sani ba. Wannan aikin 'yarsa ne. Yarinyar kirki, amma gajiya ba ta da kyau."

"Na ga gidan na sayarwa ne."

"A'a, Yaya ya fasa tuntuni. Allon ne ba a cire ba."

Suna cikin haka wani ƙaton baƙin kare ya fito daga ɗakinsa na katako a tsakar gida. Saje ya ja baya har ya taka ƙafar Sufeto. Amma karen bai ma san da su ba. Ya yi taku uku ya yi karo da bokiti, ya juya ya daki turken igiyar shanya, sannan ya tsaya cak yana shinshinar iska.

"Duna ke nan," in ji Baffa. "Tsufa ne. Ya fi shekara da makancewa."

A jikin ɗakin karen an kafa ƙusa, an rataye wata leda da katin asibitin dabbobi a ciki, da sallen magani guda uku duk an ɓalle su tas.

"Kare ma magani yake sha?"

"Hawan jini, wai," Baffa ya taɓe baki. "Yaya da karensa sai Allah. Tun da gwiwa ta matsa wa Yaya watan jiya, ni nake ba karen. Kullum da safe a cikin nama, ban taɓa tsallake rana ba."

Saje ya fashe da dariya. "Yallaɓai, ka yi abokin jinya."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya ciro nasa sallen daga aljihu ya jera da na karen. Suna ɗaya ne, harafi da harafi. Ya tuna kwalin da Nas ta ajiye masa a tebur, shi ma sunan ke nan. Ya mayar da nasa aljihu.

Ya tsallaka shagon tela da ke fuskantar gidan. Telan ko ɗaga ƙafa daga keke bai yi ba.

"Makaho? Duna? Haba, Yallaɓai. Sati huɗu da suka wuce na jefa masa ƙashi daga nan inda nake zaune, a sama ya cafe. Kwana goma ke nan ya fara karo da bango. Na ma yi wa marigayi magana, ya ce ƙaninsa ya ce ba komai."

Ƙarfe ɗaya saura suka saka Duna a bayan mota. Saje ya zauna a gaba, ya manne da ƙofa.

Likitar dabbobi ta gane karen tun daga nesa. Ta ɗora shi a tebur, ta naɗa masa awon jini a ƙafar gaba, ta haska idanunsa da 'yar tocila. Da ta ɗago, ranta a ɓace yake.

"Wa ya hana karen nan maganinsa?"

"An ce kullum ake ba shi."

"Ƙarya ne. Ƙodarsa ce ta tsufa, ita ta jawo masa hawan jini. Da magani lafiyarsa lau. In aka daina, jinin ya hau, jijiyoyin bayan ido su fashe. Wannan ya yi makonni bai ga ƙwaya ba."

"Likita, ki yi mini bayani kamar yaron firamare. Maganin kare da na mutum ɗaya ne?"

"Wannan dai ɗaya ne. Awon ne ya bambanta, shi ya sa ba a ba kare na mutum sai likita ya auna nauyinsa. Babban kare irin Duna, ƙwayarsa ba ta gaza taka ba."

"In mutum ya sha tasa, aka ƙara masa na kare guda biyar?"

"Jini ya faɗi warwas. Jiri, suma, in tsoho ne kuma ya faɗi a kan siminti..." Ta dube shi. "Shi marigayin ne?"

Ta ba Sufeto sabon salle, ta ƙara da cewa Duna ɗan duniya ne: in aka jefa masa nama da ƙwaya a ciki, sai ya cinye naman ya tofar da ƙwayar. Dole a riƙe masa baki, a shafa maƙogwaronsa har ya haɗiye. Ita ta koya wa marigayin, kuma duk wanda ya ba karen magani ko na kwana biyu ne ya san haka.

A mota ya buga lambar da ke bayan hannunsa, wadda gumi ya kusa sharewa. Dillalin mai surutu ne, sai da Sufeto ya katse shi sau uku. Marigayi bai fasa komai ba, so yake ya sayar ya koma kusa da aikin 'yarsa. Sau biyu ana sa ranar sa hannu yana tashi da jiri a ɗage.

"Waɗanne ranaku?"

"Uku ga wata, da sha bakwai. Na ukun kuma jiya ne, Allah ya jiƙansa."

Dillalin ya faɗi wani abu kuma, wanda ya sa Sufeto ya sauke wayar ya ce wa Saje su koma gidan. Agogon mota ya nuna uku saura kwata. Kwamanda ya kira, ya bar ta ta yi ta ringi.

Baffa yana shara a tsakar gida da suka dawo. Sufeto ya yi wa Saje alama da ido ya wuce ɗakin baya, shi kuma ya miƙa wa dattijon ƙwaya ɗaya da yankan nama da ya saya a hanya.

"Yau bai sha ba, Baba. Ba shi yadda ka saba."

Baffa ya tura ƙwayar cikin naman, ya jefa gaban karen. Duna ya lalubo da hanci, ya tauna, ya haɗiye. Sannan ya karkata kai ya tofar da 'yar farar ƙwaya a ƙasa, tsaf, ko gefenta bai ɓalle ba.

"Wata guda kana ba shi, ba ka san yana haka ba?"

"Yau ne... yau ne ya fara."

Saje ya fito riƙe da gwangwanin man shafawa. Ya buɗe. Ƙwayoyi ne a ciki, da ƙaramin cokali da farin gari ya manne a bayansa.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannun Baffa. Ya zauna a kan bokitin da karen ya kifar da safe. Wannan karon da ya yi kuka ba a ji sauti ba.

"Ban so ya mutu ba, wallahi. A shayinsa nake zubawa, jiri kawai nake so ya yi, a ɗage sa hannun. Sau biyu ya yi ya tashi. Jiya na ƙara guda biyu, don na ga ya sa takalmi tun asuba." Ya share hanci da hannun riga. "Ina tsaye a nan na ji yana wa 'yarsa lissafin inda za a ajiye ɗakin kare a sabon gida. Kare, ranka ya daɗe! Ni ko sunana bai kira ba. Shekara talatin da ɗaya. Ina zan je?"

"Ka tambaye shi?"

"Ana tambayar Yaya irin wannan?"

Sufeto ya ji haushi da tausayi sun haɗu, haushin ne ya yi rinjaye.

"Dillali ya ce masu saye uku Yayanka ya kora. Sharaɗi ɗaya ya kafe a kai: ɗakin baya naka ne har ƙarshen ranka. Yana cikin takardar da zai sa wa hannu jiya. Shi ma bai iya faɗa maka ba, ka ga halin gidanku."

Saje ya sa wa Baffa ankwa bai ko motsa ba. Kafin su fita Sufeto ya durƙusa, ya ɓallo wata ƙwayar, ya riƙe bakin Duna ya shafa maƙogwaronsa har ya ji ta wuce. Ya roƙi tela ya sa masa ido.

Huɗu saura minti biyar ya ajiye gwangwanin a teburin Kwamanda, ya wuce kai tsaye ya sa aka buɗe wa Nas ɗakin da aka tsare ta tun safe.

"Ba ke ba ce. Ƙwaya ɗaya kika ba shi jiya, daidai yadda likita ya rubuta. Ko sau ɗaya ba ki yi kuskure ba."

Ta dube shi kamar da wani yare yake magana. Sai da ya maimaita sannan ta fahimta.

"To wa..."

Ba ta ƙarasa ba, don Saje ya ɓullo daga ƙarshen baranda da Baffa a gabansa. Ta kalli ankwar, ta kalli fuskar da ta sani tun tana goye. Barandar ƙunci gare ta, dole ya wuce ta gabanta.

"Baffa," ta ce a hankali, "jiya kai ka riƙe hannuna a asibiti. Kai ka ce in zo."

Bai ɗago kai ba. Saje ya tura ƙofar da ta fito daga ciki minti ɗaya da ya wuce, ya shigar da shi, ya ja sakata.